Shirun Jirgi na Takwas

Aberhelyg, 9 ga Maris

Zuwa ga Tegwen,

Gaisuwa mai yawa daga bakin teku, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran nan da ban taɓa gani ba sai a katin Kirsimeti. Kada ki yi ta juya ambulan kina neman mai rubutun. Idwal Prothero ne, ɗan baffan kakarki Ceridwen, tsohon da ya taka miki ƙafa a rawar bikinki. Ki ce da ni Kawu kawai, ya fi sauƙi a kan a tsaya warware zumuncin.

Lafiyata lau in an cire maƙogwaro. Likita ya leƙa ciki da 'yar fitila, ya ga wani tsiro, ya ce in daina magana sai ta kama dole. Na ce waƙa fa? Ya ce ita ce ta fi muni. Na ce to mu raba, in ba shi magana, in riƙe waƙa zuwa Satumba. Shi ya sa kika ga wasiƙa ba waya ba.

Labari ya iso mana cewa kamfanin da ya sayi wasanmu, Jirage Takwas, ya gama ɗaukar fim ɗinsa, kuma ke aka ba aikin yankawa da haɗawa. Kin san sharaɗin cinikin: daga ƙarshen Satumba ba za a sake yin wasan a dandamali ba sai bayan shekara biyar. Gidan wasanmu kuwa ba ya da wani numfashi sai wannan wasan. Ni shekarata saba'in da huɗu. Ba sai na ƙarasa miki maganar ba.

Ban zo da ƙorafi ba. Sun ɗauki wani kyakkyawan mutum mai haƙora talatin da biyu ya fito a matsayin Sarkin Tasha, na yarda, ya fi ni kyan gani. Bazara arba'in da ɗaya ina wannan fitowa. Da na fara, sai an zana mini tamoji an barbaɗa mini hoda a gashi. Yanzu hula kawai nake sawa in fita.

Abu ɗaya nake roƙo, amma sai na ba ki labarinsa. Kin san waƙar ƙarshe, inda Sarkin Tasha ke tsaye bayan hadari yana kiran sunan jiragen kamun kifi, kowanne matuƙinsa na amsawa daga duhu. Na takwas na ɗansa ne, ba ya dawowa. Ranar da aka fara wasan, na kira bakwai lafiya, na zo na takwas, sunan ya tashi daga kaina fir kamar tsuntsu. Olwen mai fiyano ta ɗaga hannuwa tana jira. Mutum ɗari huɗu a zaune, rabinsu teku ta ci musu wani. Ko tari babu. Na ja numfashi bakwai ina neman ƙasa ta tsage in shige, sannan sunan ya dawo: Gwylan. Ina furta shi wurin ya ɓarke da kuka.

Da aka sauke labule, Hopcyn, wanda ya rubuta wasan, Allah ya ji ƙansa, ya biyo ni baya. Na ce yau aiki ya ƙare. Ya karɓi littafin kiɗan Olwen, ya zaro fensir daga bayan kunne ya rubuta: "A nan Idwal ya manta. A jira shi."

Tun ranar ake jirana. Mutane na zuwa daga nesa don wannan shirun, wasu ma ba su riƙe ko baiti ɗaya ba. To 'yata, almakashi na hannunki. Ki yanke abin da za ki yanke, ki raga mini numfashin nan bakwai.

Kawunki,
Idwal

London, 2 ga Afrilu

Kawu Idwal,

Na gaishe ka da kyau. Muna lafiya, yara sun gaishe ka. Ƙafata ta warke tuntuni, amma takalmin bai tashi ba. Maganar maƙogwaro ta tayar mini da hankali. Don Allah ka ji maganar likita, waƙa ba ta fi rai ba.

Ba sai ka tuna mini ko kai wane ne ba. Ina shekara tara Kaka ta kai ni gidan wasanku. Da ka yi shiru na ja hannunta zan ce tsohon ya manta, ta matse mini yatsu har sai da suka yi ja. Ita ma ƙanenta a teku ya tafi. Ranar na fara ganin Kaka tana kuka.

Ga abin da zan iya gaya maka. An ɗauki shirun. Mutumin da kake wa ba'ar haƙora ya yi shi sau goma sha ɗaya, kuma ya yi ƙoƙari. Yana cikin haɗin farko da na yi, daƙiƙa ashirin da biyu cif.

Amma Kawu, kada ka ɗauki fim ɗin nan maƙiyinka. A gidan wasanku teku shuɗin ƙyalle ne da mutum biyu ke kaɗawa daga gefe. Mu mun shiga teku na gaske, har masu kyamara suka yi ta amai. Wanda ke kujerar ƙarshe a wurinku hularka kawai yake gani, mu kuwa kowa zai ga ƙwayar idon Sarkin Tasha. Mutanen da suka kalle ka a shekara arba'in, fim zai tara ninkinsu a mako guda, har a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Aberhelyg ba. Waƙoƙin Hopcyn ba za su mutu ba.

Sai dai ka sani almakashin a hannuna yake, amma hannun ba nawa ba ne ni kaɗai. Akwai darakta, akwai masu kamfani, kuma a watan Yuli za a tara mutum ɗari uku a nuna musu don a ji ta bakinsu. Zan tsaya maka iyakar ƙarfina.

Taka,
Tegwen

Aberhelyg, 20 ga Mayu

Tegwen 'yata,

Ina gaisuwa, ina fatan London ba ta cinye ki ba. Jiki da sauƙi. Ina shan ruwan ɗumi da zuma kamar mai jego, ina yi wa mai sayar da burodi magana da yatsa. Ya ce garin ya fi daɗi haka.

Na karanta wa Olwen wasiƙarki, wato na miƙa mata ta karanta da kanta. Shekararta tamanin yanzu, yatsunta sun kanannaɗe, amma da ta zauna gaban fiyano sai su miƙe. Da ta zo wurin shuɗin ƙyalle ta ajiye takardar ta ce, "Ka gaya wa yarinyar nan ƙyallenmu ya nutsar da mutane fiye da tekunsu." Na rubuta mata a takarda cewa yarinyar ta haura arba'in. Ta ce, "Rufe mini baki, tsohon banza." Na nuna mata ai a rufe yake.

Ban musa miki ba, fim zai yi tafiya. Mu nan mun san wannan tun kafin a ƙirƙiro kyamara. Kifi in an shanya shi da gishiri yana kaiwa ƙasashe, yana shekara bai lalace ba, yana ƙosar da mai yunwa. Abu ɗaya ne ba ya yi, ba ya iyo.

Kin ce daƙiƙa ashirin da biyu cif. Wannan cif ɗin ya ɗan ba ni tsoro. Ni ban taɓa sanin tsawonsa ba. Ranar da 'yan yawon buɗe ido suka cika gidan da ƙamshin soyayyen dankali, gajere ne. Shekarar da jirgin 'yan gidan Bevan ya nitse da mutum uku, Olwen ta ce hannuwanta sun yi sanyi a sama kafin in furta sunan. Ba ni nake auna shi ba. Ina sauraron mutane ne, in na ji igiyar ta kusa tsinkewa sai in saki. Amma tunda abin naku da agogo ake yi, ashirin da biyu ɗin ma na gode.

Ga littafina na wasan na haɗo miki. Ba na buƙatarsa, ko barci nake aka tashe ni zan rera shi daga farko har ƙarshe. A shafi na casa'in da shida na kwafi rubutun Hopcyn. Ki nuna wa daraktanku, ko fensir ɗin mamaci zai yi abin da bakin mai rai bai yi ba.

Kawunki,
Idwal

London, 11 ga Agusta

Kawu,

Gaisuwa a gurguje, muna lafiya, ina fatan maƙogwaro da sauƙi. Littafi ya iso, na gode. An nuna wa mutane fim ɗin, an yi zama uku a kansa, yanzu an rufe haɗi. Aiki ya yi mini yawa, zan rubuto doguwa daga baya. Batun shiru kuwa, an bar shi.

Tegwen

Aberhelyg, 29 ga Satumba

'Yar albarka,

Gaisuwa da godiya wadda takarda ba za ta ɗauka ba. Katinki na nan a jikin madubin ɗakin shiri, kowa ya karanta shi. An bar shi! Kalma uku, amma sun fi maganin likita aiki. Olwen ta sa tabarau ta duba, ta cire ta sake sawa, ta ce, "Gajeren rubutu ba ya burge ni." Na ce mata hassada ce, don ba a ambaci fiyano ba.

Ranar Asabar da yamma muka yi wasan ƙarshe. An cika har kan matakala. Muryata ta kai ni jirgi na biyar da ƙyar, na shida da na bakwai da raɗa na kira su, mutane suka matso da kunnuwansu. Shirun kuwa ban san iyakarsa ba. Na ji kukan tsuntsayen teku ta cikin rufi, abin da ban taɓa ji ba a shekara arba'in da ɗaya.

Bayan labule aka tura ni in yi jawabi. Na ce musu kada kowa ya yi baƙin ciki. Za a rufe gidan, an ce za a mai da shi ɗakunan haya, amma 'yarmu ta jini tana London ta tsare mana abin da ya fi katako da kujeru. Na ɗaga katinki sama. Suka tafa miki, Tegwen, a tsaye.

Mako mai zuwa za a yi mini aikin maƙogwaro. Likita ya ce wataƙila in fito da murya, wataƙila in baro ta a can. Ban damu sosai ba. Na riga na ajiye abin ajiyewa.

Ina jiran doguwar wasiƙar.

Kawunki,
Idwal

Aberhelyg, 17 ga Fabrairu

Tegwen,

Ina gaishe ki. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ki ba akasinta ba. Na rubuta a Oktoba daga asibiti, na aika kati da Kirsimeti, ban ji komai ba. Na ce wa kaina aiki ne. Ni da na ci abinci da shiru shekara arba'in, ya kamata in iya karanta shi, amma son zuciya ya rufe mini ido.

Muryar ta zauna a asibiti. Yanzu da ɗan allo nake yawo a aljihu.

Jiya muka je. Mun ɗauki bas guda, mu hamsin da biyu, zuwa silimar babban gari, kallon ƙarfe biyu na rana. Mata sun sa hulunan coci. Olwen ta zo da burodi mai zabibi a jaka, wai ba za ta ci gugurun da ake sayarwa da tsadar nama ba.

Zan faɗi gaskiya, tekunku teku ne. Da igiyar ruwa ta taso, tsoho Bevan ya kama hannun kujera. Waƙar mata masu gyaran raga ta fi tamu daɗi, don mu ba mu taɓa samun murya arba'in ba. Sai dai abin mamaki, da waƙar ta ƙare muka ɗaga hannu za mu tafa, kafin tafin ya haɗu har an wuce wani wuri. Ba a bar mana gurbi ba. Haka muka yi ta mai da hannuwa cinya kamar waɗanda aka ƙi gaisawa da su.

Aka zo tasha. Sarkin Tasha ya kira na ɗaya, na biyu, har na bakwai. Na ji mutanenmu hamsin da biyu sun ja numfashi tare, ba wanda ya ce musu su yi. A gefena Olwen ta ɗaga hannuwa sama da jakarta, ita kanta ba ta sani ba.

Sai goge ya taso, kamar ɗari. Aka nuno ɗan Sarkin Tasha yana ƙarami yana gudu a kan yashi, aka nuno hawaye guda yana gangarowa a kumatun mai haƙora, kafin ka ƙifta ido ya ce Gwylan, an wuce. Mu kuwa muna riƙe da numfashi, ba mu san inda za mu ajiye shi ba.

A bas ba wanda ya dube ni. Wannan ya fi zagi ciwo. Sai da muka kusa gida Olwen ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Idwal, da mijina Gwilym ya bar ni da 'ya'ya uku ya bi jirgin Liverpool, shi ma bari ne."

Na dawo na ɗauko katinki na sake karantawa. An bar shi. Haka ne, ba ki yi ƙarya ba. Akan bar abu a inda yake, akan kuma bar shi a baya a yi gaba. Tambaya ɗaya gare ni, kuma ba don faɗa ba. Da kika rubuta, kin ga fuska biyun, ko ni kaɗai ne makaho?

Idwal

London, 1 ga Maris

Kawu,

Ina gaishe ka, in har za ka amsa. Na yi baƙin cikin muryarka fiye da yadda zan iya rubutawa.

Na gani. Da farko da nufin an jefar da shi na rubuta, ina sauri. Da na karanta kafin in saka a akwatin gidan waya, na ga yadda za ka ɗauke shi. Na tsaya da katin a hannu. Na tuna saura maka mako bakwai a dandamali. Na saka. Da wasiƙarka ta Satumba ta zo, da labarin tafin da aka yi mini a tsaye, na kasa ɗaukar biro. Kowace rana sai in ce gobe.

Ga abin da ya faru a Yuli. Na zauna a bayan mutum ɗari uku ina ƙirga maka. A numfashi na biyu wayoyi suka fara haske. A na huɗu wani ya yi dariya. Wata mata ta tashi ta je ta gaya wa ma'aikaci sauti ya ɗauke. A takardun ra'ayi, mutum sittin da ɗaya sun rubuta cewa na'ura ta samu matsala wajen ƙarshe.

Na kai wa darakta littafinka, na buɗe masa shafi na casa'in da shida. Ya daɗe yana kallo. Ba mugu ba ne, Kawu. Ya ce, "A can suna jiransa ne don yana gabansu, yana iya faɗuwa. A nan sun san an riga an gama. Wa zai ji tsoro don hoto?" Na nemi daƙiƙa goma, na sauko biyar. Na samu ɗaya da rabi, ita ma aka zuba mata goge. Da hannuna na yanke.

Ban zubar ba. Ga shi a faifai, ashirin da biyun nan, yadda aka ɗauka. Ban san ko kyauta ce ko ƙarin laifi ba. Ka yafe mini in za ka iya.

Tegwen

Aberhelyg, 6 ga Mayu

Tegwen 'yata,

Na amsa gaisuwarki, na kuma aiko da tawa. Jiki yana nan yadda kika san jikin tsoho. Yafiya kuwa na yafe tun kafin faifan ya iso. Mako bakwai ɗin da kika saya mini da kalma uku, na ci su da daɗi. Wanda ya rayu da mantuwar ƙarya bazara arba'in ba shi da bakin kama wani da laifin harshe biyu.

Mun kalli faifan a kicin ɗin Olwen da hantsi, kwana biyu kafin ɗanta ya zo ya tafi da ita Cardiff. Fiyanon bai shiga motar ba. Mutuminku ya tsaya, ya yi shiru, idonsa ya cicciko. Olwen ta kurɓi shayi ta ce, "Ƙirga yake yi. Dubi leɓensa." Hannuwanta ba su motsa daga kan tebur ba.

Daraktanku ya yi gaskiya, ke ma ba ki yanke komai ba. Babu shi a ciki tun farko. Na daɗe ina cewa shiruna, shiruna, ashe ba nawa ba ne. Na mutum ɗari huɗu ne da suka yarda su riƙe bakinsu tare, ni iyakacina ban katse su ba. Na roƙe ki ki shanya mini abin da ba ya shanyuwa.

An cire kujerun gidan wasa. Inda dandamali yake, an ce kicin biyu za su fito da banɗaki.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kowace safiya ina zuwa bakin tasha in rera waƙar a cikin kaina, don kada ta yi tsatsa. Ranar Talata na kira bakwai lafiya. Na zo na takwas, babu. Irin ta ranar farko, ta gaske. Na ja numfashi bakwai, na ja ashirin. Mutane na wucewa da karnukansu, wata mota tana sauke ƙanƙara. Yau kwana huɗu bai dawo ba.

Littafina yana wurinki. Olwen ta yi nisa, ni kuma ba ni da muryar waya. Jiya na rubuta a allona na nuna wa mai burodi: mene ne sunan jirgi na takwas? Ya kwashe da dariya, ya kira matarsa, suka tafa mini, ya ƙara mini burodi ɗaya kyauta.

Ki duba shafi na casa'in da shida ki rubuto mini sunan. Ki rubuta shi da manyan baƙaƙe, shi kaɗai, yadda ba zai karantu hanya biyu ba. Kada ki ce sai gobe. Wannan karon ni ne nake jira.

Kawunki,
Idwal